Yadda katantanwa ta mamaye mana akwatin kifi a Mahuta

Da dogon hutun bana muka dawo gida Mahuta da wani tsohon akwatin gilashi da muka samo a Zariya, irin wanda ake zuba kifin ado a ciki. Mu uku muka haɗa kuɗinsa, dukkanmu 'yan unguwa ɗaya da ke karatu a jami'a. Ba shi da wani girma, jarka biyu ta ruwa ke cika shi. Muka shimfiɗa tsakuwa a ƙasansa, muka saka 'ya'yan karfasa shida, muka ajiye shi a zaure. Don ya ƙara kyau, ƙannenmu suka ruga wani kududdufi a bayan gari suka tsinko mana kainuwa da wata ciyawar ruwa mai siraran ganye. Kafin sati ya zagayo, zauren ya zama gidan kallo. Yaran unguwa har layi suke yi.

A sati na uku muka ga wasu 'yan ƙananan katantanwa guda uku suna tafiyarsu a jikin gilashin, kowacce ba ta kai ƙwayar dawa ba. Har murna muka yi, wai mun samu baƙi. Da aka yi wata biyu, wata safiya muka zauna ƙirga su. Da muka wuce ɗari sai muka haƙura.

Ba wanda ya saka su, to daga ina suka fito? Amsar tana ƙarƙashin ganyen da aka kawo mana. Idan kuka juya ganyen kainuwa ko na bado kuka duba da kyau, za ku iya ganin wani ɗan dunƙule mai yauƙi, fari tas kamar ɗigon majina, da ƙananan ɗigo-ɗigo a cikinsa. Ƙwan katantanwa ke nan. Yakan ƙyanƙyashe cikin sati ɗaya zuwa biyu, ya danganta da ɗumin ruwa. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yawancin irin waɗannan katantanwa mata-maza ne, kowacce tana da halittar namiji da ta mace a jikinta, har wasu nau'o'in kan yi ƙwai mai ƙyanƙyasa ba tare da sun haɗu da wata ba. Guda ɗaya tak ta isa ta cika akwati.

Amma ganye shigo da su kawai ya yi. Mu ne muka yi kiwonsu. Duk yaron da ya shigo kallo sai ya barbaɗa dusa ko ya gutsura burodi ya jefa, mu kuma muna ba kifin abinci sau uku a rana kamar masu ƙiba da rago. Abin da kifi bai ci ba ya nutse ya ruɓe a cikin tsakuwa, hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure kuma ya sa gansakuka ta yi kore shar a gilashin. Wannan duk liyafa ce ga katantanwa. Yawansu yana bin yawan abincin da suke samu ne.

Shawarwari kam mun sha su. Garinmu garin manoma ne, kusan kowane gida akwai ragowar maganin feshi a lungu, don haka shawarar farko ita ce mu ɗiga kaɗan a ruwan. Allah ya taimake mu ba mu yi ba, domin kifayen ne za su fara mutuwa. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce, "Samari, ku jiƙa aduwa ku zuba, ko ɗaya ba za ta kwana ba." Da farko mun ɗauka raha ce, ashe Baba yana da gaskiyarsa. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa 'ya'yan aduwa da ɓawonta suna ɗauke da wani sinadari mai kumfa da ke kashe katantanwa. Matsalar ita ce shi ma kifi ba ya tsira, shi ya sa a wasu wurare ake amfani da aduwa wajen bugar da kifi a kama. Irin wannan sinadarin ne wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Habasha, Aklilu Lemma, ya gano a 1964 a garin Adwa, lokacin da ya lura da matattun katantanwa a ƙasan wurin da mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro da suke kira endod. Ido kawai ya sa, ya tambayi kansa dalili.

Ko da an samu maganin da zai bar kifi, akwai sauran rina a kaba. Katantanwa ɗari biyu su mutu dare ɗaya a cikin jarka biyu ta ruwa, gawarsu za ta ruɓe ta gurɓata ruwan, kifin ya bi su.

Abin da ya sa muka daina dariya

Har zuwa nan, damuwarmu ba ta wuce ta ƙazanta ba. Hannu muke sawa muna tsince su, yara kuma suna rige-rigen taya mu. Sai ranar da ɗaya daga cikinmu, mai karatun ilimin halittu, ya ɗauki wani ƙoƙon katantanwar ya riƙe shi tsininsa a sama, bakinsa na kallonsa. Bakin yana ɓangaren hagu. Nan take ya ce kowa ya fitar da hannunsa daga ruwan.

Katantanwar da ake kira Bulinus haka bakinta yake, kuma ita ce masaukin tsutsar da ke kawo tsargiya, wato fitsarin jini. Akwai wata mai suna Physa wadda ita ma bakinta na hagu ne, amma ba ta ɗaukar wannan cuta, kuma ita ce ta fi addabar masu kifin ado a ƙasashen waje. Bambance su aikin ƙwararru ne. Mu dai mun san inda tamu ta fito: kududdufin da yara ke wanka a ciki kullum.

Ga yadda abin yake tafiya. Mai tsargiya idan ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su nemi katantanwa su shige jikinta. A can suke hayayyafa, bayan sati huɗu zuwa shida su fara fitowa da yawa a kowace rana, musamman da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara rafi. Ido ba ya ganinsu sosai. Ba sai an sha ruwan ba, fata suke hudawa su shiga. Su girma a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, bayan wata biyu zuwa uku a fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ta katantanwa take bi.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A shekarun 1970, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Liverpool a Ingila sun yi dogon bincike kan cututtukan yankin Malumfashi, tsargiya na cikin manyansu, kuma sun nuna cewa yara maza masu yawan shiga ruwa su ta fi kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum sama da miliyan 250 ne ke bukatar maganin kariya daga cutar, akasarinsu a Afirka.

Ana cewa idan aka ɗebo ruwan rafi aka ajiye shi kwana biyu, tsutsotsin da ke ciki sun mutu. Haka ne, amma da sharaɗin babu katantanwa a ciki. Akwatinmu kuwa, idan har akwai mai ɗauke da cutar cikin waɗanda suka maƙalo a ganye tun daga kududdufi, sabbi za ta riƙa sakowa kowace rana. Abin da ya ɗan kwantar mana da hankali shi ne cutar ba ta bi ta ƙwan katantanwa, saboda haka waɗanda aka ƙyanƙyashe a zaurenmu lafiyarsu ƙalau. Sai dai ba mai iya nuna wacce ce baƙuwa, wacce ce haihuwar gida.

Yadda muka yi da su

Mun kwashe kifin da rariya muka zuba su a bokitin ruwan rijiyar burtsatse da ya kwana. Ciyayin duka muka fitar da cokali mai dogon hannu, muka shanya su a rana suka bushe ƙurmus, muka ƙone. Tsakuwar kuwa tafasa ta muka yi a tsohuwar tukunya, domin shanya kaɗai ba abin dogaro ba ce: Bulinus na iya lafewa a cikin busasshen taɓo ta yi watanni, ta jira damina. Gilashin muka kankare ƙwan da ke jikinsa da reza, hannunmu cikin safar roba, muka bar shi ya bushe kwana uku. Ruwan da matattun katantanwar a rami muka zuba a busasshen wuri muka binne. Kada ku kuskura ku juye irin wannan ruwa a kwata ko a rafi, kun mayar da matsalar inda ta fi ƙarfi ke nan.

Duk da haka bayan sati biyu muka sake ganin guda huɗu, wataƙila wani ƙwai ne ya ɓuya a kusurwa. A nan dabarar da masu kifin ado ke yi ta yi mana amfani. Da daddare a saka yankan kokwamba ko ganyen kabeji da aka ɗan yi wa ruwan zafi, a danne shi da tsakuwa. Da asuba za a tarar sun taru a kai, a ɗaga gaba ɗaya. Mun yi haka dare biyar a jere. Abinci kuma muka mayar sau ɗaya a rana, iya abin da kifin zai cinye cikin minti biyu, muka kafa dokar hana jefa burodi, muka janye akwatin daga bakin ƙofa. Ado kuwa, furen roba muka saya. Ba shi da kyan kainuwa, mun yarda.

Wanda bai shiga lissafinmu ba shi ne abin da ya fito daga bakin ƙanenmu ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsinko ganyen. Yana jin muna bayanin tsargiya sai ya ja ɗayanmu gefe ya ce, "Yaya, ni fa tun bara nake ganin jini, amma abokaina sun ce alamar girma ce." Ba alamar girma ba ce, ciwo ne, kuma idan ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Ba a akwatinmu ya samo shi ba, a wankan kududdufi ne. Washegari aka kai shi asibiti, aka auna fitsarin, aka ba shi ƙwayar praziquantel, wadda ita ce ake rabawa kyauta a makarantu a wuraren da cutar ta yi yawa, ana auna tsawon ɗalibi da sanda a san adadin da zai sha. Ya faɗa mana cewa ranar da aka raba a makarantarsu, a aljihu ya saka tasa ya jefar a hanya, wai an ce tana sa jiri. Takan sa wasu, shi ya sa ake cewa a ci abinci tukuna.

Abokansa biyu ma sun bi shi asibitin a satin. Kifayen kuma, biyar cikin shida suna nan, mun bar su a hannunsa da muka koma makaranta, tare da safar roba da cokalin.