Marubuciya da Cinikin Littafinta

Jarin farko na marubuciya bai wuce biro da littafin rubutu irin na 'yan makaranta ba. Sai dare, an kwashe tuwo, yara sun yi barci, take samun zama. In labari ya kammala ta kai wa mai kwamfuta, shafi-shafi ake biyansa. Daga nan sai maɗaba'a a Kano: kuɗin faranti, kuɗin takarda, kuɗin bango mai launi, sannan a naɗe, a ɗinke, a datse baki. Takarda ce ke lashe mafi yawan kuɗin.

Shi ya sa ake yanka labari gida uku ko huɗu. Cinikin na ɗaya ke buga na biyu, gwanar kuwa ta san inda za ta tsaya: daidai ranar da amarya za ta tare.

'Yan littafi na Kasuwar Sabon Gari ta Kano sukan karɓi kaya bashi, sai an sayar a biya. Daga hannunsu kwali ya hau mota zuwa Sakkwato, ya wuce Illela, wasu su tsallaka Birnin Ƙonni a saye su da sefa. A wuri irin Darna Sabon Gari, kwafi ɗaya kan zaga gidaje har bangonsa ya fita. Mai ba da hayar littafin ya samu nasa, marubuciya ko sisi.

Alƙalamin mace ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajoji, wato malamai mata, ke kai waƙoƙinta ƙauyuka. Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? Duk da haka an sha yi wa sana'ar kallon raini, har aka ƙona littattafai a Kano a 2007. Manazarta a jami'o'i suna tattauna auren dole da saki da kishi a cikinsu, amma ni a ganina matan da ke musu a kansu a gidan biki sun riga su fara nazarin.

Yanzu ciniki ya koma waya. Mai karatu ta tura kuɗi, a sa ta a rukunin WhatsApp, shafuka su riƙa zuwa kullum. An huta da kuɗin takarda, amma mutum ɗaya ya isa ya kwafe littafin ya raba shi kyauta kafin marubuciya ta mayar da kuɗin data.