Waƙar Bayan Faifai: Inda Sam Cooke Ya Ɗebo Muryarsa

Ranar 26 ga Afrilun 1962, a ɗakin naɗar sauti na kamfanin RCA da ke Holiwud, Sam Cooke ya naɗi waƙoƙi biyu a zama guda. Wadda kamfani ya ɗora wa buri ita ce "Having a Party", waƙar shagalin matasa, ita aka sa a fuskar faifai. Ɗayar kuwa, "Bring It On Home to Me", aka manna ta a baya, inda aka saba ajiye waƙar cike gurbi. Faifan ya fito cikin watan Mayu, ba a jima ba ta bayan ta tsere wa ta gaban: ta kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙin baƙaƙen fata na mujallar Billboard, na 13 a jerin gama-gari. Ba ta cika minti uku ba, kuma zancenta bai wuce na namijin da mace ta tafi ta bari, yana lallashi, yana amsa laifi, yana alkawarin dukiya in ta dawo. Amma yau in masana suna neman inda kiɗan sol ya tsaya da ƙafafunsa, da wuya su tsallake ta.

Duk wanda ya tashi a Tasawa ko Mayahi, ko a ƙauyukan da ke bin Gulbin Kaba, ba ya buƙatar jin Ingilishi kafin ya gane abin da ke gudana a ƙarshen kowane ɗango. Cooke ya jefa kalma guda, wata murya mai kauri ta mayar masa, ya sake jefawa, ta sake mayarwa. Aikin ɗan amshi ke nan. Haka ƴan mata ke yi a dandali wajen gaɗa, zabiya na bayarwa saura na karɓa. Haka ake yi a gayya in gangar noma ta ɗauka. A kan haka Mamman Shata ya gina rayuwarsa shi da masu kalangunsa. Mai muryar nan ta biyu Lou Rawls ne, abokin Cooke tun suna samari a Shikago, wanda ya yi waƙar coci da ƙungiyar Pilgrim Travelers, kuma suna mota ɗaya lokacin da suka yi mummunan haɗari a 1958 har Rawls ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba. Sanayya irin wannan tana fitowa a murya.

Sai dai karin waƙar ba na Cooke ba ne tun asali. A 1959 Charles Brown, mai kiɗan piyano ɗan Tekzas, ya fitar da "I Want to Go Home" tare da Amos Milburn, su ma murya biyu suna musaya. Brown mutum ne mai ban sha'awa: ya yi digiri a kimiyyar sinadarai, ya koyar a makaranta, kafin "Driftin' Blues" ta 1945 ta mayar da shi tauraro. Salon buluz ɗinsa mai sanyi ne, na mutumin da ya gaji da kuka ya koma magana a hankali. Gidan da yake kewa a waccan waƙa yana da ma'ana ta musamman ga masu saurarensa, domin tsakanin shekarun 1910 da 1970 baƙaƙen fata kusan miliyan 6 suka bar kudancin Amurka suka nufi biranen arewa da yamma, suna gudun gonar auduga da dokar wariya. Iyayen Cooke na cikinsu: an haife shi a Kilaksdel ta jihar Misisifi a 1931, aka kai shi Shikago yana ɗan shekara biyu. Ɗan ci-ranin da ya bar Mayahi bayan girbi ya nufi Kano ko Libiya ya san wannan ciwon ba sai an fassara masa ba. Abin da Cooke ya yi shi ne ya juya lamarin: a wurin Brown mawaƙi ne ke son komawa gida, a wurin Cooke mawaƙi na zaune a gida yana roƙon a dawo masa. Karin ya tsaya yadda yake, nauyin ya sauya kafaɗa.

Saiwar da ta fi zurfi ita ce ta coci, kuma a nan rikicin yake. Mahaifin Cooke limamin coci ne. Yaron ya fara waƙa da ƴan'uwansa, ya wuce ƙungiyar matasa ta Highway QC's, sannan a 1950, yana da shekara 19, aka ɗauke shi ya gaji R. H. Harris a Soul Stirrers, ƙungiyar da ta fi kowace suna a fagen waƙar gosfal, wato waƙar coci. Gadon ba ƙarami ba ne. Harris da mutanensa ne suka yayata tsarin jagora biyu, ɗaya ya ɗauko waƙa a sanyaye, ɗaya ya karɓe ya hau da ita sama, suna miƙa wa juna har jama'a su fita hayyacinsu, mata na faɗuwa ana yi musu fifita. Musayar Cooke da Rawls wannan tsarin ne ɗungurungum, an rage masa zafi don ya shiga rediyo. Haka kuma lanƙwasar muryar da aka san Cooke da ita, yadda yake ɗaukar gaɓa guda ya yi ta murɗa ta kafin ya saki, a gaban mimbari ya koye ta.

Da ya so tsallakawa zuwa waƙar duniya, sai ya yi ta a ɓoye. Ya ɗauki "Wonderful", waƙar yabon Ubangiji da ya yi da Soul Stirrers, ya cire yabon ya sa budurwa, ya kira ta "Lovable", aka fitar a farkon 1957 da sunan Dale Cook. Babu wanda ya ruɗu, murya ba ta ɓuya. Masu zuwa coci suka ɗauki abin cin amana. Shekaru kaɗan kafin nan Ray Charles ya sha irin wannan suka kan "I Got a Woman" ta 1954, wadda ya gina a kan karin wata waƙar ibada ta ƙungiyar Southern Tones. Abin dariyar shi ne, wanda ake kira uban gosfal ɗin kansa, Thomas Dorsey, daga buluz ya fito. Da sunan Georgia Tom ya yi wa mawaƙiya Ma Rainey kiɗa, a 1928 ya yi waƙar batsa da Tampa Red wadda ta yi kasuwa ƙwarai, sannan ya tuba ya kwashi karin mashaya ya shiga da shi coci, inda limamai suka fara korarsa kafin su rungume shi. Ashe ƙofar da ake zargin Cooke da fita ta cikinta, ta nan aka shigo da kayan tun farko.

Mu ma mun san wannan ƙofar, ta fuska biyu. A Kano cikin shekarun 1990 ƙungiyoyin mandiri irin su Ushaƙu Indiya sun riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora masa begen Annabi (SAW), wasu malamai na cewa ba a zuba zuma a ƙwaryar da ta sha giya, masu yi na cewa sun ƙwato matasa ne daga shagala. A nan jihar Maraɗi kuwa tafiyar ta bi hanyar Cooke. Kiɗan bori, wanda Bajamushen masani Veit Erlmann ya yi nazarinsa a yankin nan ya wallafa a 1982, kiɗa ne mai aiki: goge da ƙwarya, ko garaya da caki, kowane iska da taken da ake kiransa da shi, ba don rawar nishaɗi aka yi shi ba. Marigayi Sa'adu Bori, ɗan Maraɗi, ya ɗebo wannan kari ya ɗora shi a kan gita da gangunan zamani, ya kai shi dandalin biki da gidan rediyo, har kamfanin Stern's na Landan ya fitar da faifan "Niamey Twice" nasa tare da Musa Pusi a 1994. Ya rasu a 2008. A ganina shi ne mafi kusancin abin da muke da shi da mawaƙin sol, ba don kiɗansa ya yi kama da na Amurka ba, sai don aikin da ya yi iri ɗaya ne: ɗaukar sautin da aka keɓe wa wani fage a kai shi kasuwa, a kuma ɗauki surutun da zai biyo baya daga ɓangarori biyu.

Rabon du-wof a waƙar Cooke shi ne mafi ƙanƙanta, amma shi ne kunnen Bahaushe zai fi jin baƙuntarsa. Du-wof kiɗan samarin bakin titi ne na Baltimo, Niyok da Shikago, waɗanda ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa suka mayar da bakunansu kayan kiɗa, suna bin sawun Ink Spots da Mills Brothers. Orioles suka buɗe fagen a 1948, Flamingos da Spaniels suka biyo. "You Send Me", wadda ta kai Cooke matsayi na ɗaya a 1957, a kan zagayen sautuka huɗu na wannan salo take tafiya. A waƙar 1962 abin da ya rage daga gare shi shi ne tafiyar piyano mai bugu uku-uku, da yadda Rawls ke bin Cooke a cikin ɗango. Ƴan amshinmu jira suke jagora ya gama, sannan su shigo da murya ɗaya, kowa a kan layi guda. Rawls ba ya jira. Yana tafiya tare da Cooke kalma da kalma, amma a wani mataki na ƙasa, muryoyin biyu na gogar juna suna haifar da sauti na uku. Wannan ba daga dandalinmu ya fito ba, kuma ba aibi ba ne a faɗa.

Na faɗi haka ne saboda akwai wata magana mai daɗin ji da ke yawo, wai buluz kiɗanmu ne da aka sace. Tana da tushe a ilimi. Paul Oliver, Baturen Ingila, ya nuna a 1970 cewa a daina neman asalin buluz a gangunan bakin teku, a duba ƙasashen fako inda ake kiɗan tsirkiya. Gerhard Kubik na Ostiriya ya faɗaɗa wannan a littafinsa "Africa and the Blues" na 1999: mawaƙi shi kaɗai da abin kiɗa mai tsirkiya, murya mai lanƙwasa, ma'aunin sautuka biyar, duk ya same su a shimfiɗar da ta taso daga Mali har arewacin Najeriya da Kamaru, kuma cikin misalansa akwai wani Bahaushe mai goge da ya naɗa a Kamaru a 1964. Akwai ma dalilin tarihi: bayan tawayen bayi na Stono a 1739, dokar Karolina ta Kudu ta 1740 ta hana bayi ganga, abin da ya bar fili ga masu tsirkiya. Wanda ya saurari kuntigin Ɗan Maraya Jos ko gurmin wani maroƙi a kasuwar Tasawa, sannan ya saurari tsofaffin masu gitar Misisifi, zai ji dangantaka.

To amma dangantaka daban, gado daban. Cikin mutane sama da miliyan 10 da suka isa nahiyar Amurka da rai a jiragen bayi, waɗanda aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka ba su kai 400,000 ba. Hausawa sun fi shiga wannan bala'i ne bayan jihadin 1804, Amurka kuwa ta haramta shigo da bayi daga 1808. Mafi yawansu Bahiya ta Birazil aka kai su, inda suka ta da tawaye a 1807 da 1809. Ayarin da ke ratsa Tasawa, inda matafiyin nan Heinrich Barth ya sauka a Janairun 1851, arewa ya fuskanta, Agadas da Gat da Tarabulus. In ana neman jikokin gogenmu a ƙetare, a fara da stambali na Tunis da diwan na Aljeriya, inda har yau ake jin kalmomin Hausa a bakin masu kiɗa. Abin da Cooke ya rera, mutanensa ne suka ƙera shi a gonar auduga da cocin katako da lungun birni, cikin shekaru ɗaruruwa, da tarkacen abin da suka tsira da shi daga wurare da yawa. Mai cewa namu ne kawai yana ƙwace musu wahalarsu.

Kamfanin RCA kansa bai san abin da yake riƙe da shi ba. Ranar 12 ga Janairun 1963 aka naɗi wasan Cooke a Harlem Square Club da ke Mayami, gaban jama'arsa baƙaƙe, King Curtis na busa. A can ya ja "Bring It On Home to Me" kamar mai wa'azi, muryar ta dushe, santsin ya tafi. Kamfani ya ji, ya ga wannan zai ɓata hoton yaron kirki mai kwat da ake sayar wa Turawa, ya kulle faifan. Sai 1985 ya fito, shekara 21 bayan an harbe Cooke a wani masauki a Los Anjalas ranar 11 ga Disambar 1964, yana da shekara 33.

Saura batun haƙƙi. Cooke na cikin baƙaƙen mawaƙa na farko da suka gane cewa kuɗin waƙa na wurin mai takarda, shi ya sa ya kafa kamfanin faifai na SAR da na wallafa na Kags tare da J. W. Alexander. A takarda, shi kaɗai ne marubucin "Bring It On Home to Me", kuma da ƙungiyar Animals ta maimaita ta a 1965, Otis Redding da Carla Thomas a 1967, babu sunan Charles Brown a ko'ina. Cooke bai ɓoye ƙaunarsa ga dattijon ba, ya rera waƙoƙinsa a faifan "Night Beat" na 1963, sai dai yabo ba ya biyan kuɗin haya. Brown ya shafe shekaru an manta da shi, har mawaƙiya Bonnie Raitt ta ɗauke shi yawon wasa a farkon shekarun 1990 sunansa ya farfaɗo. An sa shi a zauren girmama mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame a 1999, makonni kaɗan bayan rasuwarsa a Janairun shekarar.