Dogaran Da Ke Cikin Jikinmu

Yau zancenmu a kan ciwon daji ne, watau sankara.

Kowace mace ta san in ta bar wuƙa a waje da damina, sai ta yi tsatsa. Iskar nan da muke shaƙa ita ke kawo tsatsar. To, haka yake a jikinmu. Sa'ad da iskar ke ƙona abincin da muka ci domin mu sami ƙarfi, wani irin tartsatsi kan fita, ya taɓa ƙananan ƙwayoyin da aka gina jiki da su. In ɓarnar ta daɗe, wata ƙwaya takan lalace, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Wannan yana cikin hanyoyin da sankara ke somawa.

Amma Allah bai bar mu haka ba. Cikin kowace ƙwaya akwai waɗansu dogarai, likitoci suna ce musu inzayim, aikinsu kashe wannan tartsatsi. Ɗaya daga cikinsu sunansa katalas. Da muna kwalejin horon malamai, malamarmu ta jefa ɗanyar hanta cikin ruwan wanke rauni, irin mai kumfar nan. Nan da nan kumfa ta cika kwalba. Ta ce katalas ne ke mai da gubar ta zama ruwa da iska.

Sai dai fa dogaran nan ba su san nagari da mugu ba. In sankara ta riga ta kafu, ita ma takan tara su, su tsare ta, har wani lokaci maganin asibiti ya sha wuya kafin ya ci ta.

Saboda haka ku yi hankali da masu tallar ƙwayoyin da suke cewa suna wanke jiki su hana sankara. A ƙasar Finlan an gwada irinsu a kan maza masu shan taba wajen 29,000. Cikin 1994 aka bayyana sakamako: waɗanda aka ba ƙwayar sinadarin karas sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu.

Kuɗin ƙwayar nan, ki kai shi kasuwa ki sayo zogale, da alayyafo, da tumatir, da lemo. Ki roƙi maigida ya bar taba. In kuwa kin ji ƙullutu a nono, kada kunya ta hana ki zuwa asibiti da wuri. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.