Hanci, kunne, ido da fata: abin da ke sa gidan gyaran jiki ya kwantar da hankali

Wuraren gyaran jiki da tausa, waɗanda ake kira spa, suna ƙara yawa a Yamai, kuma ana ganin tallarsu a Facebook da TikTok daga Maradi, Damagaram da Tawa. Sana'ar ta gaji dilka da halawa daga Sudan da Chadi, ta kuma aro wankan tururi daga ƙasashen Larabawan arewacin Afirka. Sai dai mutum biyu kan biya kuɗi ɗaya a wurare biyu, a shafa musu sabulu iri ɗaya, ɗaya ya fito jiki sakayau, ɗayan ya fito da ciwon kai. Sau da yawa bambancin yana cikin abin da hanci ya shaƙa, kunne ya ji, ido ya gani, fata kuma ta taɓa tun daga bakin ƙofa.

Darasi daga hammam

Ƴan Nijar da ke karatu ko neman kuɗi a Maroko, Aljeriya da Turkiyya sun san gidan wankan jama'a da ake kira hammam. A birnin Santambul akwai wanda ake kira Cemberlitas, wanda shahararren magini Mimar Sinan ya gina a shekarar 1584, kuma har yau ana wanka a cikinsa. Rufin ɗakin wankan ƙubba ce mai ƙananan ƙofofi da aka toshe da gilashi, don haka hasken rana kan sauko a tsarge, ba ya dukan ido. A tsakiyar ɗakin akwai faffaɗan dutsen marmara da ake ɗumamawa daga ƙasa, a kansa mai wanka ke kwanciya.

A Maroko kuwa, hammam na unguwa yakan kasance ɗakuna uku a jere, kowane ya fi na bayansa zafi. Wanda ke hura wutar yana can baya, yana zuba itace da dusar katako. A Marrakesh, mutanen unguwa kan kai masa tukunyar nama da suke kira tanjiya ya binne ta cikin toka mai zafi har ta nuna. Mai wanka yakan shafa baƙin sabulun zaitun, ya zauna tururi ya ratsa shi, sannan a cuɗa shi da wata safar hannu mai kaushi, a ƙarasa da laka ta musamman da ake haƙowa a tsaunukan Atlas.

Abin lura a nan shi ne babu abin da ke zo wa jiki ba zato. Zafi yana ƙaruwa sannu a hankali, haske ba ya canzawa, ƙarar da ta fi yawa ita ce ta zubar ruwa. Da an gama, ba a fita titi kai tsaye. Akan zauna a ɗaki mai sanyi-sanyi a sha shayi ko ruwa har jiki ya dawo daidai.

Abin da masana suka gano

Jikin ɗan Adam yana da tsarin jijiyoyi iri biyu da ke aiki ba da umarninsa ba. Ɗaya yana shirya shi faɗa ko gudu, ya sa zuciya bugawa da sauri. Ɗayan yana sassauta bugun zuciya da numfashi, ya ba jiki damar hutawa. Aikin gidan gyaran jiki na gari shi ne ya shawo kan na farkon ya lafa.

A fara da hanci. Ƙamshi yana da gajeriyar hanya zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunani da jin daɗi ko tsoro. Shi ya sa ɗan ci-rani a Faransa ko Libiya, da ya ji ƙamshin kajiji ko sandal, sai ɗakin mahaifiyarsa ya faɗo masa a rai. Masana biyu ƴan Amurka, Linda Buck da Richard Axel, sun samu kyautar Nobel a 2004 saboda bayanin da suka yi kan yadda hanci ke tantance ƙamshi. Ɗan Adam yana da kusan nau'i 400 na ƙwayoyin karɓar ƙamshi. Amma tunda ƙamshi a ɗaure yake da tarihin kowa, turaren da ya sanyaya ran wani yana iya tayar wa wani zuciya.

Fata ma tana da nata sirrin. Akwai wasu jijiyoyi a ƙarƙashinta da suka fi amsa shafa mai laushi, wadda ba ta wuce santimita 1 zuwa 10 a cikin daƙiƙa ɗaya ba, musamman da hannu mai ɗumi. Mai tausa da ke gaggawa don ta sallami wata, ko mai hannu da sanyi, ta riga ta ɓata rabin aikin. Game da ruwan zafi kuwa, wani nazari da masu bincike a Jami'ar Texas suka fitar a 2019 ya nuna cewa wanka da ruwa mai ɗumin digiri 40 zuwa 42, awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya, yana sa barci ya zo da wuri.

Sai kunne, wanda ba ya da murfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada hayaniyar ɗakin barci ta wuce ma'aunin desibel 30, alhali hira ta yau da kullum tana kai wajen 60. Ƙaramin injin janareta a bakin taga ya zarce haka nesa ba kusa ba. A garuruwanmu, inda wuta ke yawan ɗaukewa lokacin zafi, ga ihun kabu-kabu da adaidaita a titi, wannan ce matsala ta farko. Ga ido kuma, farin ƙwan lantarki mai tsananin haske da allon wayar salula suna sa ƙwaƙwalwa ta zauna a farke. Haske mai ja-ja, wanda ba ya saman kan mutum, shi ya fi dacewa da ɗakin hutu.

Turare ba ya rasa illa

A Sudan, amarya takan zauna a kan wani rami da aka hura itacen talih a ciki, a lulluɓe ta da bargo, hayaƙin ya kama fatarta. Shi suke kira dukhan, kuma ɗan'uwansa ne turaren tsugunno da matanmu suka sani, tare da humra da turaren wuta. Al'ada ce mai daɗin ƙamshi, amma tana buƙatar kula. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri da tashin zuciya, kuma tana iya kisa. Duk wadda ta ji haka a kan kasko, ta fita waje nan take, kada ta yarda a ce mata aikin turare ne.

Hayaƙin turare yana tayar da asma. Zafin tururi kuma ba na kowa ba ne: mai juna biyu, mai ciwon zuciya da mai hawan jini su tambayi likita kafin su shiga. Haka nan a tambayi abin da aka haɗa a cikin dilka ko man shafawa, domin wasu mayukan hasken fata suna ɗauke da sinadarai masu lalata fata, har da ƙoda.

Kafin a biya kuɗi

Mai neman wurin hutu yana iya gane na ƙwarai cikin minti biyar. Ya lura ko ƙamshin wurin tsabta ce ko kuwa an turara ne don a danne warin danshi. Ya duba ko tawul a bushe yake kuma wankakke, ko ɗakin yana da taga ko wata mashigar iska, ko ma'aikata suna hira da waya a kan mai kwanciya. Wurin kirki yakan tambayi baƙo ko akwai ƙamshin da ba ya so ko ciwon da ke damunsa tun kafin a taɓa shi.

Ga matasan da ke shirin buɗe irin wannan sana'a, mafi yawan abubuwan nan ba sa cin jari mai yawa. A kai janareta can bayan gida, a sa labule mai kauri, a canza ƙwan lantarki, a turara ɗaki kafin baƙo ya iso sannan a fitar da kaskon, a tanadi ruwan sha da kujerar da zai zauna minti goma kafin ya koma cikin rana. Kwastoman da ya samu barci mai daɗi a daren, shi ne zai dawo, ya kuma kawo wani.