Wasan Golf: Sirrin Bugu Yana Ga Tsintsiyar Hannu

Wanda ya tashi a Bawku ko Yendi ko Salaga, a akwatin talabijin ya fi ganin wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, kuma galibi kallon wasan masu hannu da shuni ake yi masa. Gaskiya ne sandunan da tsada. To amma duk wanda ya leƙa filin golf na Kano, ko na Achimota da ke Accra wanda aka kafa a 1934, zai tarar da samari 'ya'yan talakawa suna ɗaukar wa manya jakar sanduna, kuma daga cikin irinsu ne gwanaye da dama suka fito. Abin da ke raba yaron da zai ci abinci da wasan da wanda zai ƙare a ɗaukar jaka, sau da yawa bai wuce yadda yake juya hannu ba, da kuma lokacin da yake sakin sanda.

Tsakanin gwiwar hannu da tsintsiyar hannu akwai ƙasusuwa biyu, ɗaya yana hawa kan ɗaya a duk lokacin da mutum ya kife tafinsa. Wannan juyi shi ke buɗe fuskar sanda ko ya rufe ta. Ga mai bugu da dama, in ya ɗaga sanda baya fuskar kan buɗe. In ya sauko, wajibi ne hannun hagu ya juyo har bayansa ya kalli inda ake nufi daidai lokacin da sanda ta taɓa ƙwallo. In juyin ya makara, ƙwallo sai ta karkace dama ta faɗa jeji. In ya yi gaggawa, sai ta lanƙwasa hagu. Saukowar gaba ɗaya kusan rubu'in daƙiƙa ce, taɓawar kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Ke nan babu damar gyara a tsakiyar hanya.

Batun sakin sanda kuwa, manomin ƙasar Bawku ya san shi ko bai taɓa jin sunan golf ba. Mai bugun dawa ko mai faskare ba ya miƙe tsintsiyar hannu tun sanda tana sama. Yana riƙe da lanƙwasar, kan sanda na biye da hannu a baya, sai dab da sauka ya sake ta ta yi bulala. Haka abin yake a golf. Sabon shiga, saboda ɗokin ƙwallo ta yi nisa, yakan saki tun daga kafaɗa, ƙarfin ya ƙare a iska, sanda ta daki ƙasa kafin ta kai ga ƙwallo. A ƙasa mai laushi abin da sauƙi. Amma a irin tamu ta arewa, wadda hunturu ke mayarwa kamar daɓe, girgizar takan haura har gwiwar hannu, kuma in aka yi ta maimaitawa sai ciwon jijiya ya kama cikin gwiwar, mutum ya kasa ko murɗa mabuɗi. Yaron da ke ɗaukar jaka don ya ci, wannan ba ƙaramar asara ba ce gare shi.

Manyan duniya ma sun sha fama. Ben Hogan na Amurka, wanda shi ma da ɗaukar jaka ya fara, ya yi shekaru ƙwallonsa na lanƙwasawa hagu kafin ya gyara riƙo da juyin hannun hagu. A 1953 ya ci manyan gasa uku, a 1957 kuma ya fitar da littafin da ya yi bayanin haka. Tiger Woods kuwa, bayan ya lashe gasar Masters ta 1997 da tazarar bugu 12, bai gamsu ba. Ya koma wurin mai horar da shi, Butch Harmon, suka sake bugun daga tushe, don ya lura nasararsa ta dogara ƙwarai ga saurin hannu da dacewar lokaci, abin da ba kullum ake samu ba. A 2000 da 2001 ya haɗa manyan kofuna huɗu a jere.

A ganina nan ne masu koyar da yara kan kuskure, sai a yi ta ce wa yaro "juya hannu, juya hannu", har ya riƙa murɗa sanda da gangan. Juyin da aka yi da tunani ya riga ya makara. Abin da ya fi shi ne a sassauta riƙo, a bar ƙugu da ƙirji su ja gaba, a fara da rabin bugu: sanda ta kai ƙugu a baya kanta na kallon sama, ta kai ƙugu a gaba kanta na kallon sama. Wannan atisaye ba ya buƙatar fili ko ƙwallo, a tsakar gida ma ana yin sa da gora.