Allurar Kashe Jijiyoyin Ƙafa: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Ma'aikacin da ke kwana a Keffi yana aiki a Abuja ya san yadda ƙafa ke gajiya: zaman mota cikin cunkoson Masaka da Mararaba da Nyanya, sannan zaman ofis ko tsayuwa har yamma. Doguwar tsayuwa ko zama, da juna biyu, da ƙiba, da gado, suna raunana ƴan ƙofofin da ke cikin jijiyoyin ƙafa masu hana jini komawa ƙasa. Idan suka yi rauni sai jini ya taru, jijiyoyi su kumbura su fito ɓaro-ɓaro, ko su bazu sirara kamar saƙar gizo-gizo. Man bilicin mai sinadarin sitiroyid ma yana sa fata ta yi siriri har ƙananan jijiyoyi su bayyana.

Ɗaya daga cikin magungunan wannan matsala ita ce allurar da likitoci ke kira sikilerotarafi. Ana zuba wani ruwa, kamar folidokanol, a cikin jijiyar, ya lalata bangonta, ta rufe, jiki ya shanye ta a hankali, jinin kuma ya bi wata hanyar. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da folidokanol don wannan aiki a 2010. Hanya ce da ke aiki, amma takan bar sawunta a fata.

Abin da ya fi faruwa shi ne baƙin tabo a daidai layin jijiyar. Jini kan tsiyaya daga jijiyar da aka lalata, sinadarin ƙarfen da ke cikinsa ya zauna a ƙarƙashin fata ya rina ta. Rubuce-rubucen likitanci na nuna cewa hakan na samun kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na waɗanda aka yi wa. Yawanci tabon kan dushe cikin wata 6 zuwa 12, amma a wasu ƙalilan yakan haura shekara. Baƙar fata ta fi saurin yin duhu bayan kowane irin kumburi, don haka namu haɗarin ya fi na Turawa.

Na biyu, sababbin jijiyoyi sirara jajaye kan tsiro kewaye da wurin allurar, su ɗauki watanni kafin su ɓace. Na uku, wanda bai cika faruwa ba amma ya fi muni, shi ne idan ruwan ya kuskure jijiya ya shiga tsoka, ko ya faɗa ƙaramar jijiyar da ke ciyar da fata. Nan fatar kan mutu, ta zama gyambo mai wuyar warkewa, ya bar tabo na dindindin.

Shi ya sa wannan ba aikin shagon gyaran jiki ba ne. Kafin allura, ya kamata likita ya duba jijiyoyin da na'urar sikanin, domin idan babbar jijiya ce ta lalace, kashe ƙananan ba zai hana su dawowa ba. Ba a yi wa mai juna biyu, ko mai daskararren jini a jijiyar ciki. Bayan allura ana sanya safa mai matse ƙafa, a riƙa tattaki, a kare wurin daga rana, kada kuma a shafa masa man bilicin don gaggauta goge tabo.

Mazauna Keffi na iya fara neman shawara a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke garin. A tabbatar mai allurar yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, maganin kuma da lambar NAFDAC. Ma'aikatan tarayya su sani cewa inshorar lafiya ta ƙasa ba ta ɗaukar nauyin aikin ƙawata jiki, don haka a tambaya tun kafin a fara. Ciwo mai tsanani, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko sarƙewar numfashi bayan allura, alamu ne na a garzaya asibiti nan take.