Hayaƙin cikin ɗaki da ke kashe tsuntsayen keji ba tare da masu su sun ankara ba

Masu kiwon kanari da aku da sauran tsuntsayen ƙawa sukan kashe kuɗi wajen sayen keji mai kyau da tsaba mai tsabta, amma abin da ya fi saurin hallaka tsuntsu a cikin gida shi ne iskar da yake shaƙa. Sau da yawa akan kwanta da tsuntsu yana rera kukansa, da safe a tarar da shi a ƙasan keji, babu rauni, babu alamar ciwo.

Dalilin yana cikin halittarsa. Bayan huhu, akasarin tsuntsaye suna da jakunkunan iska guda 9 a cikin jiki, waɗanda ke sa sabuwar iska ta riƙa ratsa huhun ko suna jan numfashi ko suna fitarwa. Wannan ne ke ba su ƙarfin tashi sama, kuma shi ne ke sa guba ta shiga jininsu da sauri fiye da ɗan Adam.

Masu haƙar kwal a Birtaniya sun daɗe da sanin haka. A ƙarshen ƙarni na 19, masanin kimiyya John Scott Haldane ya ba da shawarar a riƙa shiga rami da ƙananan halittu domin gano iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma ba a ganinta. Idan kanari ya faɗi daga kan sandarsa, ma'aikata sun san lokacin fita ya yi. Sai a shekarar 1986 aka daina amfani da kanari a ramukan ƙasar, aka koma ga na'urori.

Abokan gaba na cikin gida

Wannan iskar ce dai ke fita daga salansar janareta da kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu. Saboda haka bai kamata a rataye keji kusa da tagar da janareta ke bayanta ba, ko a ɗakin da ake jin ɗumi da garwashi.

Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, na fesawa, hayaƙin taba da warin sabon fenti duk suna ƙona hanyar numfashin tsuntsu. Idan za a yi feshi ko a turara ɗaki, sai a fitar da keji tare da mazubin ruwa da na abinci, kada a dawo da su sai an buɗe tagogi warin ya fita gaba ɗaya. Domin kare shi daga sauro, raga a jikin taga ta wadatar.

Kicin shi ne wuri mafi haɗari. Kwanon suya na zamani da abinci ba ya kamawa, wanda aka shafa wa Teflon, yakan fara fitar da tururi mai guba idan zafinsa ya haura kimanin digiri 260 a ma'aunin Selshiyos, kamar idan aka manta da shi a kan wuta babu komai a ciki. Tururin na iya kashe ƙaramin tsuntsu cikin mintuna.

Inda ya dace a ajiye keji

Wuri mafi dacewa shi ne ɗaki mai haske da shigar iska, a jingina gefe ɗaya na kejin da bango domin tsuntsun ya samu natsuwa, a kuma ɗaga shi inda kyanwa da ɓera ba za su kai ba. Kada rana ta buge shi kai tsaye ba tare da inuwar fakewa ba, musamman a watannin Maris da Afrilu. Da dare yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 12 cikin duhu, nesa da ƙarar talabijin.

Faɗin keji ya fi tsawonsa muhimmanci, tunda tsuntsu a kwance yake tashi. A guji keji mai tsatsa ko tsohon fenti, domin aku yakan ciji waya ya haɗiyi gubar dalma ko zink. Idan kuma za a sake shi ya zaga ɗaki, a fara kashe fankar sama, a rufe bokitan ruwa.

Tsabta da abinci

Busasshen kashin tsuntsu yakan zama ƙura, kuma ta nan mutum ke iya kamuwa da zazzaɓin aku, cutar da ta bazu a Turai da Amurka a 1929 zuwa 1930. A riƙa canza shimfiɗar keji kullum, a yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannu bayan an gama. Sabon tsuntsu kuwa a ware shi na kimanin kwana 30, a kuma nisanta keji da akurkin kaji. Murar tsuntsaye ta H5N1 a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a Afirka, a watan Fabrairun 2006.

Gero shi kaɗai ba ya wadatar da tsuntsu, sai an haɗa da karas da ganye da 'ya'yan itace. Amma ban da fiya, cakuleti, albasa, goro da kofi. Gyaɗa mai funfuna ma guba ce. A 1960, abincin gyaɗa da ya lalace ya kashe talo-talo sama da 100,000 a Ingila, kuma daga nan ne aka gano gubar afalatoksin.

Tsuntsu yakan ɓoye ciwonsa har sai ya yi nisa. Idan aka ga ya kumbura gashinsa, ya daina kuka, yana numfashi da baki a buɗe ko jelarsa na kaɗawa sama da ƙasa, a fitar da shi inda iska ke kaɗawa nan take, a nemi likitan dabbobi. Sannan mutanen gida su binciki ɗakin da kansu, domin iskar da ta kayar da tsuntsun ita ce yaransu ke shaƙa.